Ranar da Muka Tare Hanyar Shato

Shaton da zan ba da labarinsa yana kan wani tudu, tafiyar awa ɗaya da ƴan mintoci a mota daga Lyon. Abin da Faransawa ke kira shato gidan sarauta ne na dutse, fada ce kuma kagara, inda mai ƙasa ke zaune da iyalinsa da mayaƙansa. Sa'adda na san wannan shaton, ba rufi, ba ƙofa, ba taga. Hasumiya ɗaya ce mai kusurwa huɗu ta rage a tsaye, sai guntun ganuwa da ciyawa ta haye, da rijiyar da aka toshe da duwatsu.

Lokacin ban daɗe da gama karatun injiniyan gini ba. Daga Damagaram na zo Paris karatu, da na ƙare kuma na samu aikin koyo na wata shida a wani ƙaramin biro, wato ofishi, da ke duba lafiyar tsoffin gine-gine. Ina zaune a unguwar Goutte d'Or, a wani ɗaki hawa na biyar, sama da shagon masu gyaran wayar salula. Takardar zamana a ƙasar ta rataya ne a kan wannan aiki. In sun riƙe ni bayan wata shidan, a sabunta mini ita. In ba su riƙe ni ba, in fara ɗaure kaya. Kullum da wannan nake tashi, da shi nake shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Shugaban biron dattijo ne marar yawan magana. Wata safiya ya ajiye mini wani kundi a kan tebur, ya ce wani ƙauye kusa da Lyon na son buɗe kangon shatonsu ga masu yawon buɗe ido, suna buƙatar a duba musu. Ƙaramin aiki ne, in ji shi. In je in auna, in ɗauki hotuna, in dawo. Shi zai rubuta rahoto ya sa hannu.

Kwana huɗu na yi ina karanta kundin. Wani mai sarauta ne ya gina shaton tun zamanin takobi da kibiya, don ya tsare mashigin kogin da fataken gishiri ke bi. Zuriyarsa ta ƙare, gidan ya koma hannun surukai. A lokacin dogon yaƙin Faransa da Ingila wasu sojojin haya suka ƙwace shi, suka yi hunturu guda a ciki suna sauka ƙauyuka suna kwasar hatsi da dabbobi. Daga baya, da Kiristocin ƙasar suka yi ta yaƙi da junansu, aka harbi gefensa na gabas da igwa. Sai wani sarki ya ba da umarni a kware rufinsa a rushe saman ganuwar, kada wani ɗan tawaye ya sake samun mafaka. Bayan juyin juya hali aka sayar da abin da ya rage ga wani mutum da bai da niyyar zama a ciki. Duwatsun yake so. Ya riƙa fasa su yana sayar wa mutanen ƙauyen amalanke amalanke, suna gina gidaje da garken shanu. Daga nan kundin ya yi shiru, sai ƴan wasiƙu na mutanen da ke ƙorafin awakinsu na faɗawa rijiyar.

A Lyon ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya haura shekara ashirin a Vénissieux, a gefen birnin, yana tuƙa injin ɗaga kaya a wani babban sito. Mahaifinsu, wato kakana, magini ne a unguwar Birni a Damagaram, kuma Kawu ya yi masa miƙon ƙasa tun yana ƙarami kafin ya bar gida. A gidansa na sauka, hawa na tara a ɗaya daga dogayen benayen nan na Minguettes. Da ya ji ba motar haya da ke kaiwa har tudun, ya ce shi zai kai ni a tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya.

Makullin ƙofar wayar da aka kewaye kangon da ita yana hannun wata tsohuwa da ke gidan ƙarshe a gindin tudun. Ta kalle mu sosai kafin ta buɗe, amma da na nuna mata takardar biro sai ta sake, har ta shigar da mu kicin ɗinta ta nuna mana dogon dutsen da ke bisa murhu, mai zanen garkuwa da tsuntsu.

"Daga can sama ya fito," in ji ta. "Kakan kakana ne ya sauko da shi. Rabin ƙauyen nan shato ne, in kin iya dubawa."

Da muka hau na gane abin da take nufi, kuma na gane abin da kundin bai faɗa ba. Masu ɗibar dutse ba su wahalar da kansu da hawa sama ba. Sun bi gindin hasumiyar ne, sun zare manyan duwatsun kusurwa, waɗanda aka sassaƙa da kyau, har iya inda hannun mutum ke kaiwa. Kusurwar arewa maso gabas tana tsaye ne a kan tarkacen ciki kawai. Daga wurin wata tsaga ta tashi, tana karkacewa har kusa da tagar sama. Yatsuna biyu suna shiga cikinta.

Ina aunawa ina rubutawa, Kawu yana zagayawa hannuwansa a baya. Can sai na ga ya tsuguna a gindin bangon, ya ɗebi wani abu yana murzawa.

"Zo ki gani, ɗiyata."

Farin gari ne, kamar na farar ƙasa, ya taru ɗan tsibi a kan ganyen ciyawa.

"Wannan ba na bara ba ne," in ji shi. "Ruwa bai taɓa shi ba. Yaushe aka yi ruwa nan?"

Tsohuwar, da ta biyo mu sama, ta ce shekaranjiya.

Ya kaɗe hannunsa a wando. "To bangon nan yana motsi. Kakanki in ya ga haka a soro, ranar yake fitar da mutane."

Na yi abin da aka koya mana. Na dama filasta, na manna ƴan dunƙule biyar a kan tsagar daga ƙasa zuwa iya tsayin tsani, kowanne ya haɗa bakin nan da wancan, na rubuta kwanan wata a jiki. Shaida ake kiran irin wannan dunƙule. In bango na tsaye, yana nan lafiya. In ya motsa ko kaɗan, ya tsage.

A Paris shugabana ya dubi hotunan, ya ce tsagar nan ta girmi kakata, irinta ya gani ba iyaka. Na faɗa masa maganar garin. Ya tambaye ni wa ya lura da shi, na ce kawuna. Ya ce kawun nawa injiniya ne? Na ce a'a. Ya ce to in koma bayan mako uku in duba shaidun, kafin nan ba abin da za a rubuta.

Mako ukun nan ruwa aka yi ta shekawa a yankin Lyon. Kowace safiya kafin in fita nakan duba hasashen yanayin ƙauyen a salula, abin da ba wanda ya sa ni.

Ranar Talata muka koma, Kawu ya musanya aikinsa da wani. Mun isa wajen sha ɗaya da rabi, rana ta fito, ƙasa na tururi. Tun daga nesa na ga dunƙulen da ke can ƙasa ba ya wurinsa. Yana cikin ciyawa, ya rabe biyu. Uku na sama da shi duk sun tsage. Na sa hannu a tsagar, tafin hannuna ya shige har wuyan hannu. Ina tsaye a haka sai na ji wani abu a cikin bangon, ƙaramar ƙara, kamar ana zuba tsakuwa a ƙwarya. Ta ɗan jima kafin ta tsaya.

Kawu ya kamo hannun rigata ya ja ni baya. Muka koma ƙofar waya.

Tsohuwar tana jiranmu a wurin. Da ta ga fuskata ta tambayi abin da ya faru, na faɗa mata. Ta dafa ƙirjinta.

"Ai yaran lakwal, ƴan makaranta, na zuwa yau," in ji ta. "Ƙarfe biyu. Aji biyu daga garin da ke ƙetaren kogi. Magajin gari ya ce in bar musu ƙofa a buɗe. A gindin hasumiyar ake zaunar da su, don nan ne ba iska."

Na duba agogo. Sha biyu saura kwata.

Na kira shugabana, wayar ta kai ni wurin barin saƙo. Na bari. Na kira biro, aka ce yana wata majami'a a arewa, cikin ginin ƙarƙashin ƙasa, ba a samunsa sai yamma. Na kira ofishin magajin gari, wata murya da aka naɗa ta ce an tafi cin abinci, a sake kira ƙarfe biyu. Tsohuwar ba ta san lambar lakwal ɗin ba, ba ta ma tabbata wace ce daga cikin biyun da ke garin ba. Na kira guda, ba a ɗauka ba. Na kira ɗayar, wata mata ta ce ba nasu ba ne. Na sake kiran ta farko sau huɗu.

Daga ƙarshe tsohuwar ta samu matar magajin gari, ita kuma ta aika a kira shi daga gonar inabi. Ɗaya da kwata ya iso, babban mutum mai jar fuska, takalmansa duk laka. Ya gaishe da tsohuwar, ya gyaɗa mana kai. Na nuna masa dunƙulen da ya karye, na nuna masa hotunan mako uku da suka wuce da na yau. Ya saurara har ƙarshe, ban ce bai saurara ba.

"Madam, ke ce injiniyar da ke sa hannu?"

"A'a. Shugabana ne."

"Shi ya ce a rufe?"

"Ban same shi ba tukuna."

"To." Ya ɗaga kai ya dubi hasumiyar. "A cikin tsagar nan na ɓoye tabar farko da na sha. Ubana ma ya san ta. Shekara uku muna share wurin nan da hannunmu, kowace Asabar, don yara su zo su ga abin da kakanninsu suka bari. Yau ne karo na farko. Kina so in mayar da su saboda filasta?"

Na ce ba na so ya mayar da su har abada, yau kaɗai, har a zo a duba. Ko kuma su tsaya a bakin kogi su hango ta daga ƙasa.

"Ki kawo mini takarda mai sa hannu, in rufe yanzu," in ji shi. "Ba takarda, ba ni da dalili."

Ya juya ya tafi wajen motarsa yana waya. Na tsaya riƙe da guntayen filasta biyu. Abin da ke raina shi ne, mai yiwuwa shi ne da gaskiya. Hasumiyar ta ga igwa, ta ga masu fasa dutse, ta yi ƙarnoni a tsaye. Ni kuwa wata huɗu ke nan da fara aiki. In na ta da hankalin ƙauye guda a banza da sunan biron da bai aiko ni yin haka ba, na san abin da zai biyo baya, kuma na san ranar da ke rubuce a jikin takardar zamana.

Kawu kuwa ya koma wajen motarsa. Ya ɗauko gorar ruwa a mota ya yi alwala, ya shimfiɗa kwali a gefen hanya ya yi azahar. Da ya sallame ya zo kusa da ni, ya yi magana da Hausa ƙasa ƙasa.

"Ke da kanki, me kika gani? Bar maganar takarda."

"Bangon na tafiya, Kawu. Ban san ko yau ba ne, ko baɗi."

"In ƴaƴan gidana ne a motar, za ki bar su su hau?"

"A'a."

"Shi ke nan."

Hanyar da ke hawa tudun siririya ce, katangar dutse a hagu, rami a dama. Kawu ya shiga motarsa, ya ja ta baya, ya gitta ta a inda hanyar ta fi matsewa, ta yadda ko mai tafiya a ƙasa sai ya raɓa. Ya kashe, ya fito, ya kulle, ya jefa makullin a aljihun jakata ya ja zif.

Magajin gari ya taho da sauri yana tambayar me ke nan.

"Motar ba za ta tashi ba, mushe," in ji Kawu, wato yallaɓai da Faransanci.

"Lalacewa ta yi?"

"Ban ce ta lalace ba."

Fuskar mutumin ta ƙara ja. Ya ce wannan hanyar gwamnati ce, zai kira jandarma. Kawu ya ce ya kira. Ya jingina da motar ya harɗe hannuwa. Na san yana tsoro. Shekara ashirin ya yi a ƙasar yana kauce wa duk abin da zai haɗa shi da masu kaki.

Biyu saura minti biyar muka ji ƙugin babbar mota tana hawowa. Ta sha kwana, ta tsaya ƴan taku kaɗan daga motar Kawu. Fuskokin yara cike da tagogi, wasu da rawanin sarauta na kwali da suka yanka a aji. Direban ya danna oda. Wata mace mai gajeren gashi, wadda ba za ta girme ni da yawa ba, ta sauko. Ita ce malamarsu.

Magajin gari ya riga ni isa wurinta. Ya ce ƙaramar matsala ce, jandarma na hanya, yara su sauko su ƙarasa a ƙasa, ba nisa. Ta juya za ta ba da umarni.

Ban san lokacin da na sha gabanta ba. Na faɗi ko ni wace ce, na ce ni ba mai sa hannu ba ce, mai koyo ce, kada ta ɗauke ni fiye da haka. Na sa mata guntayen filastar a hannu, na haɗa mata su ta ga kwanan watan, na faɗa mata yadda tsagar take da yadda ta koma, da ƙarar da na ji ɗazu.

Ta dubi filastar, ta dubi magajin gari, ta dube ni.

"Yau za ta faɗi?"

"Ban sani ba."

"Amma tana iya faɗuwa."

"Tana iya faɗuwa."

Magajin gari ya fara cewa komai ma yana iya faɗuwa, har rufin lakwal ɗinsu. A cikin motar yara sun fara buga tagogi suna rera sunan shaton. Sai malamar ta miƙo mini guntayen, ta hau matakalar motar, na ji tana ce wa direban ya koma da baya zuwa filin da ke bakin kogi. Yaran suka yi ta gunaguni. Motar ta ɗauki kusan minti goma tana ja da baya a wannan siririyar hanya, direban na zagi ta taga.

Jandarma biyu suka iso bayan ta tafi. Suka karɓi takardunmu. Ɗayan ya daɗe yana duban tawa, ya ce saura wata biyu ta ƙare, na ce na sani. Suka ji ta bakin magajin gari, suka ji ta bakina, suka ce Kawu ya janye motarsa yanzu, kuma kada su sake ganin haka. Na ciro makullin daga jakata a gabansu. Ƙaramin cikinsu ya hau har ƙofar waya, ya leƙa, ya dawo ya ce wa tsohuwar ta kulle ta riƙe makullin tukuna.

Hasumiyar ba ta faɗi ba. Mun zauna a mota har bayan la'asar muna kallonta, tana tsaye cikin rana, tsuntsaye na shiga tagarta suna fita. A ƙasa ana hango yaran suna guje-guje a bakin kogi. Ina jin kunyar faɗa, amma akwai wani ɓangare na zuciyata da ya so ko dutse ɗaya ya faɗo, don a san ba ƙarya na yi ba.

Muna kan hanyar Lyon shugabana ya kira. Magajin gari ya riga ni samunsa. Ya ce in kasance a biro gobe ƙarfe tara, ya kashe. Kawu bai tambaye ni abin da aka ce ba. Da muka isa gida matarsa ta zuba mana shinkafa da miyar gyaɗa, na kasa ci.

Washegari na bi jirgin ƙasa na farko. Shugaban ya rufe ƙofar ofishinsa ya yi mini faɗan da ba a taɓa yi mini irinsa ba, ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya ce na yi magana da sunan biro ba izini, na jawo jandarma cikin aikinsa, na sa ɗan'uwana a abin da bai shafe shi ba, kuma ƙauyen na iya janye aikin. Na ce duk haka ne. Sai ya ce in ba shi hotunan. Ya daɗe a kansu, yana kusanto da su yana nisantarwa. Ya tambaye ni ƙarar da na ji, daga sama take ko daga ƙasa, kuma daƙiƙa nawa ta yi. Bayan kwana biyu ya hau jirgi ya tafi da kansa. Da ya dawo ya rubuta rahoto cewa a rufe tudun gaba ɗaya, a ja shinge nesa da hasumiyar. Bai ce mini na yi daidai ba, ran nan ko bayan nan. Ya dai rubuta mini lambar gidansa a wata ƴar takarda, ya ce wani karon in kira nan ma.

Mako shida na yi ban san matsayina ba. Saura kwana goma sha biyu takardata ta ƙare ya kira ni ya ba ni kwantaragin shekara ɗaya, yana maganar wani aiki daban.

Ƙauyen bai samu halin gyara ba. Shingen ya zauna, ciyawa ta koma inda suka share. Magajin gari bai sake yi mini magana ba. A hunturu na biyu bayan haka tsohuwar ta kira Kawu wata safiya ta ce kusurwar ta sauko, ta ji kamar jirgin ƙasa ya wuce ta bayan gidanta, kofuna na kaɗawa a kan kanta. Ba kowa a tudun.

Da bazara muka je, ni da Kawu. Kashi ɗaya cikin uku na hasumiyar ya zube, duwatsu sun rufe daidai wurin nan da ba iska, tsibin ya fi tsayin mutum. Inda bangon ya buɗe sai ga wata siririyar matakala a cikin kaurinsa, tana murɗawa sama, an toshe bakinta tun wani zamani da ba wanda ya sani. Ba ta cikin kowane zane da na gani. Na ɗauki hotonta daga bayan shinge don a ƙara a kundin.

Kawu ya daɗe yana duban cikin bangon, inda aka cika tsakanin fuska biyu da tarkace da ƙasa. Ya nuna mini wani wuri can sama da duwatsun suka zauna a karkace, ba farar ƙasa sosai a tsakaninsu.

"Nan sauri suka yi," in ji shi. "Ko damina ce ta matso, ko wani ne ke tsaye a kansu."

Muka sauka wurin tsohuwar, ta dafa mana kofi.